Katanga Ba Ta San Ɗan Sarki Ba? Sharhi Kan Tseren Matasan Direbobi a Titunan Baltimore

Akwai wata magana da masu sharhin tseren motoci suke maimaitawa har ta zama kamar karatun allo: wai titin cikin gari alƙali ne da ba ya karɓar toshiyar baki. A filin da aka gina musamman domin tsere, in ji su, yaro zai iya yin kuskure ya zarce cikin tsakuwa ko ciyawa, ya juyo ya ci gaba da tafiyarsa. A titin gari kuwa katangar kankare ce ke jiransa, ita kuma katanga ba ta san ɗan sarki ba. Saboda haka duk matashin da ya yi nasara a can gwani ne na ainihi. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai a ganina rabin gaskiya ce, kuma abin da ya faru a Baltimore tsakanin 2011 da 2013, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan Bowie, ya isa ya nuna mana ɗaya rabin.

Bari mu fara da ita motar, domin na san da yawa daga cikinmu ƙwallo muka fi sani. Mota ce mai kujera ɗaya tak, ba rufi, tayoyinta huɗu a waje, da fiffike a gaba da baya wanda iska ke dannawa don motar ta manne da ƙasa. Babu wanda ke wayar gari ya tsinci kansa a Fomula 1 ko IndyCar. Hawa-hawa ake yi kamar makaranta. Yaro yana farawa da 'yan ƙananan motocin kat tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas. A Turai daga nan sai Fomula 4, sai 3, sai 2. A nan Amurka, a shekarar 2010 aka haɗa matakan wuri guda aka kira su hanyar zuwa Indy: USF2000 a ƙasa, Star Mazda a tsakiya, Indy Lights a sama, wadda tun 2023 ake kira Indy NXT. A kowane aji motocin iri ɗaya ne, jiki ɗaya, inji ɗaya, taya ɗaya, wai don a ga bambancin hannu ba bambancin ƙarfe ba.

A farkon watan Satumban 2011 duka ajujuwan uku suka sauka a Baltimore tare da manyan yayyensu na IndyCar. An killace hanya mai tsawon mil 2 da 'yan kai a tsakiyar gari: miƙaƙƙen titin Pratt, a gangara titin Light ta bakin tashar ruwa, a yi wata muguwar kwana a juyo, a kewaye filin wasa na Camden Yards, a koma Pratt. Wanda ya taɓa zuwa cin abinci a bakin ruwan nan ya taka wani sashe na hanyar da ƙafarsa, ko bai sani ba.

Kafin in soki abin, adalci ne in faɗi abin da ya sa masu yabonsa suke yabo, don ni ma ina cikin masu jin daɗin kallonsa. Titin gari ba a yi shi don gudu ba. Tsakiyarsa ta ɗan tasa domin ruwan sama ya gangara gefe, saboda haka motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa tana karkata ne duk lokacin da ta tsallaka daga wannan hannu zuwa wancan. Ga murafun magudanan ruwa, ga farin fenti na tsallaka titi mai santsi kamar sabulu, ga inda kwalta ta ƙare kankare ya fara, ga man da bas-bas suka shekara suna ɗigarwa. Direba ba ya hango inda kwana ta ƙare, domin katanga ta tare masa. Sai dai ya haddace ta. Sa'annan hanyar kanta tana canzawa daga safe zuwa yamma, saboda robar da tayoyi ke gogawa tana ƙara mata kamu, har wurin da ka taka birki a zagayen da ya wuce ya zama ka yi saurin takawa a wannan. Yaron da ya iya karanta wannan canji, ya riƙa matsowa kusa da katanga da faɗin yatsa a kowane zagaye ba tare da ya sumbace ta ba, lallai ya nuna wani abu da fili mai faɗi ba zai fito da shi ba.

Wanda yake son ganin wannan sana'a a cikakkiyar sifarta, sai ya nemi faifan tseren Makau, tsohon yankin mulkin Fotugal da ya koma hannun Sin a 1999. Tun 1954 ake tsere a titunansa, kuma a 1983 aka mayar da babban tseren na 'yan Fomula 3. Ayrton Senna ne ya ci na farkon. Hanyar ta ɗan haura kilomita 6, rabinta miƙaƙƙiya ce a bakin teku, rabinta lungu ne a kan tudu, har akwai wata kwana da ake kira Melco wadda ƙuncinta ya sa aka haramta wuce juna a cikinta gaba ɗaya. A 1990 Mika Hakkinen yana da isasshiyar rata daga zango na farko, ba ya ma bukatar ya wuce Michael Schumacher, amma zuciyar ƙuruciya ta ɗebe shi a zagayen ƙarshe, ya bugi bayan motar Schumacher ya faɗa katanga, shi kuwa Schumacher ya ƙarasa ba fiffiken baya ya ɗauki kofi. A 2017 aka sake irin ta, har ma ta fi: Ferdinand Habsburg da Sergio Sette Camara suka iso kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba, duka biyun suka daki katanga, Dan Ticktum da ke bayansu ya ratsa ya ci. Habsburg ya ja gurguwar motarsa ya tsallake layi a na huɗu. Ban san wani minti ɗaya a wannan wasa da ya fi wannan koyar da bambancin jarunta da ganganci ba.

Amma a lura da abu ɗaya game da Makau. A can matasan su ne angwaye. Gwamnatin yankin ce ke shirya bikin, tseren nasu shi ne babban tseren ranar Lahadi, ana ba su kwanaki su koyi hanya, kuma duk mai neman sabon direba idonsa yana wurin. A Baltimore 'yan rakiya ne. Ranar Juma'ar farko a 2011 an shafe awoyi ana jiran a gama kafa shinge kafin wata mota ta taka hanya, kuma duk wanda ya san yadda ake tsara irin waɗannan ranaku ya san lokacin wa ake yankewa idan an makara: ba na manyan da talabijin ke jira ba. A al'adar tseren cikin gari, ƙananan ajujuwa su ake turawa da sassafe lokacin da hanya ke cike da ƙura, su share ta, su shimfiɗa roba, kafin manya su fito. Wato mafi ƙarancin gogewa shi ke samun hanya a mafi munin halinta, da mafi ƙarancin lokacin koyonta. Tserensu gajere ne, galibi da agogo ake auna shi. Mota ɗaya ta daki katanga a kwanar farko, sai motar jan gora ta fito, a bi ta a hankali ana kwashe tarkace, agogo kuwa yana ta tafiya. Sau da yawa abin da ya rage na ainihin gudu bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya tashi a sahun gaba shi ke ƙarewa a gaba, tunda wurin wucewa ɗaya ne ko biyu. Jarrabawar da aka ce awa uku ce aka karɓe takarda bayan minti arba'in, wa zai ce ta auna ɗalibi?

Ita hanyar Baltimore tana da wani aibi nata na kanta. Layin dogon jirgin cikin gari ya ratsa titin Pratt a daidai inda motoci suka fi gudu. A 2011 aka dasa wata lanƙwasa ta gangan kafin layin don a tilasta rage gudu. A 2012 aka cire ta, aka fito gwaji, motoci suka riƙa tashi sama da tayoyinsu in sun taka dogon, dole aka mayar da ita cikin gaggawa. Wato wuri mafi kyau na wuce abokin hamayya an karya shi gida biyu don kawai jirgi yana da hanyarsa. Ba laifin jirgin ba ne. Shi ya riga su zuwa.

Yanzu ga inda maganar adalcin katanga ta fi rauni. Gaskiya ne katanga tana bugun kowa daidai. Amma bayan ta buge ka, takardar kuɗi ce ke biyowa, ita kuma takardar ta san ɗan sarki sarai. Mu da muka taso muna ganin sukuwa mun saba da wani tsari: doki na mai hali ne, shi ke ciyar da shi, shi ke nemo yaro mara nauyi mai ƙarfin zuciya ya hau, ya kuma sallame shi. In doki ya karye, asarar mai doki ce. Ko nan Bowie garin dawaki ne tun asali; daga bargar Belair, wadda yanzu gidan tarihi ce, Gallant Fox ya fito ya lashe manyan tsere uku na Amurka a 1930, ɗansa Omaha ya maimaita a 1935, kuma an yi sukuwa a filin garin daga 1914 har 1985. A nan ma mahayi ake biya. A tseren ƙananan motoci kuwa an kifar da ƙwaryar: mahayi ne ke biyan mai doki. Direba ko iyayensa ko mai ɗaukar nauyinsa su ke kawo wa ƙungiya kuɗin shekara, wanda a matakin Indy Lights ake lissafa shi a wajejen dala miliyan 1, kuma a yawancin yarjejeniyoyi ɓarnar haɗari a wuyan direba take, daban da wancan. Fiffiken gaba, ƙafar mota, akwatin giya, kowanne da farashinsa.

To a ɗauki yara biyu masu hannu ɗaya a kan titin Light. Na farko ya san in ya fasa mota yau, gobe da safe makanikai sun haɗa masa wata. Na biyu ya san abin da ya rage a asusunsa tsere biyu ne, kuma haɗari ɗaya zai cinye su. Na farko zai matsa wa katanga har ya gano iyakarta, domin ba a sanin iyaka sai an taɓa ta. Na biyu zai bar tazarar taƙi guda a kowace kwana, tazarar nan kuwa ita ce 'yan ɗigon daƙiƙa da ke mayar da mutum daga sahun farko zuwa na biyar. Mai kallo daga rumfa zai ce na farko ya fi zuciya. A fili mai tsakuwa yaro na biyu zai iya gwada sa'arsa, in ya zarce ya kakkaɓe ƙura ya dawo. A titin gari ba shi da wannan rangwame. Don haka nake ganin titin gari, maimakon ya rage tasirin kuɗi, ƙara shi yake yi.

Ko a sakamakon waɗanda suka bi ta Baltimore ana ganin alamar haka. Josef Newgarden, zakaran Indy Lights na 2011, ya samu kujera ya riƙe ta, ya zama zakaran IndyCar a 2017 da 2019, ya ci Indy 500 a 2023 da 2024. Tristan Vautier, Bafaranshe, ya yi abin da tsarin ya ce a yi ba ragi: zakaran Star Mazda a 2011, zakaran Indy Lights a 2012. Kyautar da ya samu ta kai shi IndyCar a 2013, shekara ɗaya cikakkiya, daga nan kujerar ta kuɓuce ya koma tseren wasu irin motoci. A 2013 ɗin kuwa Indy Lights kanta ta rame, har a wasu tsere da ƙyar motocin da ke kan layi suke kai goma, kuma ba gwanaye ne suka ƙare a Amurka ba. Labarin Myles Rowe, baƙar fata daga jihar Jojiya, ya fi fito da abin fili. Rashin kuɗi ya sa ya ajiye tsere ya tafi jami'a karatun fim a New York, sai da wata ƙungiya mai suna Force Indy ta dawo da shi a 2021. A 2022 sai da ya kai ga neman gudummawar jama'a ta intanet don ya ci gaba, ya kuma ƙare shekarar a na biyu. A 2023 ya zama zakaran aji na gaba. Hannun nan yana nan duk shekarun da yake zaune a aji.

Wani zai kawo mini Ugo Ugochukwu, wanda ya ci tseren Makau a 2024 yana ɗan shekara 17, ɗan Oluchi Onweagba, 'yar Nijeriyar da ta yi fice a tallan kayan ƙawa. Na yi murna da nasararsa kamar kowa, kuma babu mai cin Makau da sa'a kawai. Amma yaro ne da aka samu halin kai shi tseren kat a Turai tun yana ƙarami, kamfanin McLaren kuma ya ɗauke shi a 2021. Misalinsa yana nuna cewa jininmu ba ya tsoron katanga. Bai nuna cewa ƙofar a buɗe take ba.

Sa'annan kada a manta katangar ba kuɗi kaɗai take ci ba. A 2018 a Makau, Sophia Floersch, Bajamushiya 'yar shekara 17, ta taɓa wata mota a kan miƙaƙƙen titi, tata ta ƙwace, ta tashi sama a kwanar Lisboa da gudun da ya haura kilomita 270 a awa, ta tsallake shinge ta bugi rumfar masu ɗaukar hoto. Ta samu karaya a ƙashin baya, aka yi mata doguwar tiyata, Allah ya yi da sauran kwana, ta kuma dawo Makau a 2019. Muna yaba ƙarfin halinta, ya kuma cancanta. Amma yarinyar da a nan Amurka ba ta isa jefa ƙuri'a ba ce aka sa a wannan lungu da wannan gudu, mu kuma muka zauna muna maimaita faifan.

Akwai kuma mai biya na uku, wanda ba a tambaye shi ba, wato garin. Hukumar Baltimore a ƙarƙashin magajiyar gari Stephanie Rawlings-Blake ta kashe miliyoyin daloli wajen gyaran titunan, an sare itatuwa don a kafa rumfunan 'yan kallo, an yi watanni ana wahalar da masu zuwa aiki. Jama'a sun cika a shekarar farko, wannan ba a musu. Amma kamfanin da ya shirya tseren, Baltimore Racing Development, ya fita da bashi a wuyansa, har da harajin da gari ke binsa, kuma kafin 2011 ta ƙare hukuma ta soke yarjejeniyarsa. Wasu suka karɓa suka yi 2012 da 2013, sai a watan Satumban 2013 aka sanar cewa ba za a yi na shekaru biyu masu zuwa ba saboda ranakun sun ci karo da wasu taruka. Bai sake dawowa ba. Washington ma ta ɗanɗana nata tun 2002, lokacin da aka yi tseren manyan motoci a harabar filin wasa na RFK bisa yarjejeniyar shekara goma. Mazauna unguwar Kingman Park, galibinsu baƙaƙe, suka ce ƙarar ta hana su zama a gidajensu. Sau ɗaya aka yi. Fili na dindindin da wannan gunduma tamu ta Prince George's ta taɓa mallaka, na Upper Marlboro, an rufe shi tun 1969, saboda haka yaron Bowie da ke son koyon tuƙin tsere sai ya nufi wurare irin su Summit Point a jihar West Virginia.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A shekarar 2013 da aka yi tseren ƙarshe, a ita ce Lotfy Nathan ya fitar da fim ɗinsa na gaskiya mai suna 12 O'Clock Boys, a kan samarin Baltimore masu hawa baburan jeji a tituna, suna ɗaga tayar gaba har babur ya miƙe tsaye kamar hannun agogo a sha biyu. Dokar gari ta haramta hawa waɗannan babura a titi, kuma a 2016 'yan sanda suka kafa runduna ta musamman don farautarsu. Ba ina wanke su ba ne. An buge masu tafiya a ƙasa, an rasa rayuka, kuma uwar da aka kaɗe wa ɗa ba ruwanta da gwanintar mahayi. Mu ma mun san irin wannan a gida: ana rufe titunan Kano don hawan Sallah hakimai su yi jafi, amma 'yan sanda sun sha fitar da sanarwar hana samari kilisa da tseren mota a kan titunan, kuma da dalili. Sai dai a duba yadda abin ya kasance a gari ɗaya, a shekara ɗaya. Ga samari daga Faransa da Ingila da Kolombiya an killace musu tsakiyar birni, an girke musu motocin asibiti da 'yan kwana-kwana, an kira gudunsu sana'a. Ga samarin garin, masu daidaiton jiki da rashin tsoron da kowace ƙungiyar tsere ke cewa tana nema, gudunsu laifi ne, kuma babu ko taƙi ɗaya na killataccen wuri da aka ware musu. Tsanin da aka jingina a titin Pratt na kwana uku bai sauko unguwanninsu ba.

Wadda ta ɗauki wannan da muhimmanci 'yar garin ce, injiniya Brittany Young, da ta kafa B-360 a 2017, tana amfani da son babur ɗin wajen koya wa yara kanikanci da lissafi da kimiyya, tana kuma neman a sama musu wurin hawa na halal. A watan Janairun 2026 kuwa Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin shirya tseren IndyCar a titunan Washington cikin watan Agusta, don bikin cikar Amurka shekara 250. Daga Bowie zuwa can ya fi Baltimore kusa.